Bangon da Glenda Ta Wanke

Su uku ne a gidan: Glenda Tordoff, da 'yarta Leanne, da jikarta Tegan, wadda take ajina a lokacin, tana da shekara tara. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa sutura ba. Leanne tana aiki a gidan kula da tsofaffi, Glenda kuma tana karɓar ɗan fanshonta. Abin da suka rasa shi ne busasshen bango.

Sashensu yana hawa na ƙasa a ɗaya daga cikin benayen hukumar gari da ke unguwarmu, Cragg Bank, ta gefen da rana ba ta leƙawa sai ta kusa faɗuwa. Da zarar sanyi ya shigo, ruwa yakan tsattsafo ta bangon ɗakin da Tegan take kwana. Fumfuna baƙa ƙirin takan fito daga kusurwa ta yi sama kamar hayaƙi, ta bi bayan kabad, ta cinye takardar bango. Yarinyar tana da asma. Idan aji ya yi tsit ina jin numfashinta daga teburina, wani siririn fito kamar butar shayin da ta kusa tafasa. Likita ya faɗa wa Leanne ƙarara cewa muddin suna gidan nan ƙirjin ba zai lafa ba. Shi ya sa ta nemi hukuma ta canja musu gida.

Ni ma a Cragg Bank na tashi, don haka na san yadda abin yake a da. Akwai ofishin gidaje a ƙasan benen tsakiya, jikin shagon mai soya kifi da dankali. Wata mata ce a ciki, Misis Pickersgill, ta san kowa har da sunan karensa. Idan kina neman canjin gida, da kanta za ta zo. Ta shafa yatsa a saman ƙofa, ta leƙa bayan murhu, ta ɗaga labule ta duba. Wadda gidanta yake tsaf ita ake ba wuri mai kyau. Ba zan ce duk adalci ba ne, amma kowa ya san ƙa'idar, kuma iyayenmu mata a kanta suka rayu.

Bara hukuma ta rufe ofishin, ta miƙa aikin ga wani kamfani da ke wani gari. Yanzu lambar waya ce kawai. Idan ka kai kuka, a turo mutum ya ɗauki hoto, hoton ya tafi inda ba ka sani ba, a ba ka maki. Makin ne zai ce kana gaba a layi ko kana baya. Leanne ta yi ta kira tun farkon sanyi, sai bayan Kirsimeti aka ce mai hoto zai zo ranar wata Alhamis da yamma.

* * *

Tun farkon satin Tegan ba ta zo makaranta ba, saboda haka ranar Alhamis ɗin da aka tashi na ɗauki littattafanta na nufi gidansu. Ban ma tuna ranar ce ba.

Maƙwabcinsu, tsoho Wilf Brearley, yana tsaye a bakin ƙofarsa yana shan taba, karensa na kwance a kan ƙafarsa.

"Malama, taka a hankali," in ji shi. "Tun da safe Glenda take gurzar dokin ƙofar nan. In kika bar sawu a kai, sai dai a nema wa yara wata malamar."

"Wilf, ka mayar da bakin nan naka ciki," Glenda ta ɗaga murya daga zaure. "Ka haɗa da wannan abin mai wari da kake ce wa kare."

"Kin ji ta ko? Fentina ta cinye tas, ko na gode babu."

"Fentin da ya girmi jikata? Taimakonka na yi, na rage maka tarkace. Shigo, Malama, rabu da shi."

Ina shiga warin bilic, sinadarin wanke datti, da na fenti suka daki hancina. Tagogi duk a buɗe, sanyi yana kaɗawa. A kan tebur an shimfiɗa farin ƙyalle, an jera kofunan da ba a fito da su sai ranar biki, ga biskit a faranti. Tegan tana kan kujera cikin rigarta ta zuwa coci, an lulluɓe ta da bargo, maganin shaƙarta a hannu.

"Malama, zo ki gani!" ta ce, ta sauko ta ja ni. "Mama ba ta sani ba. Sai ta dawo za ta gani."

Ta tura ƙofar ɗakinta. Bangon ya koma ruwan ƙwai, sumul, tun daga ƙasa har sama. An ɓare tsohuwar takardar, an wanke, an shafe. Ko ɗigon baƙi babu. Kujerar da Glenda ta taka tana nan a kusurwa. Mace mai shekara saba'in da wani abu, ita kaɗai ta yi wannan tun fitar 'yarta aiki, bayan ta kai yarinyar wajen Wilf don kada warin ya tayar mata da ciwo.

Na juyo na samu Glenda a bayana tana goge hannu, fenti a gashinta.

"Glenda, Leanne ta san da wannan?"

"Cewa ta yi in bar shi. In bar shi!" Ta girgiza kai. "Baƙo zai shigo gidana ya ga bango kamar gindin tukunya? Ya koma ya ce mutanen nan ƙazamai ne, in an ba su sabo ma lalatawa za su yi? Yaran yanzu ba su san yadda ake neman gida ba. Haka na samu wannan ɗin, Malama. Misis Pickersgill ta ce mini, Glenda, a ƙasan kicinki ana iya zuba abinci a ci."

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Wani saurayi ne sanye da rigar kamfanin, ruwan sama ya jiƙa masa kafaɗu, gajiya a fuskarsa. Ya gaishe mu da ladabi, ya goge takalmi sosai. Glenda ta ce ya zauna ya sha shayi, ya ce yana da sauran gidaje a gaba. Ya shiga ɗakin, ya ɗaga wayarsa, ya ɗauki wannan kusurwa, ya ɗauki waccan.

"Ɗan tsaya," na ce. "Yau da safe bangon nan baƙi ne. Ɗazu aka shafe shi. Taɓa ka ji."

Ya sa tafin hannu a jiki, ya duba. "Fenti ne bai gama bushewa ba, ko?"

"Ruwa ne daga ciki. Uwar yarinyar tana da hotunan yadda yake a wayarta."

"Ba sa karɓa, ranki ya daɗe. Sai wanda aka ɗauka da wayar kamfani. Wai mutane suna turo bangon wasu." Ya sosa ƙeya. "Ni ba ni nake yankewa ba. Abin da hoton ya nuna shi za su gani. Amma akwai wajen rubuta bayani, bari in sa cewa kun ce da akwai."

Ya rubuta, na gani da idona. Tegan ta yi tari mai tsawo, ya dube ta ya ce, "Sannu, 'yan mata." A bakin ƙofa ya juyo ya dubi falon, kofunan, farin ƙyallen.

"Gaskiya gidanki tsaf, Kaka. Da ma duk haka nake tararwa."

Fuskar Glenda ta washe. Ta tura masa farantin, ya ɗauki biskit ɗaya ya fita cikin ruwa.

"Kin ji ko?" ta ce mini. "Yaro mai tarbiyya. Ya gani."

* * *

Ban kai ga tafiya ba Leanne ta dawo, kayan aikinta a jiki. Tun daga zaure ta tsaya cak, ta shaƙi iskar. Ta saki jaka ta nufi ɗakin da gudu. Da ta fito, muryarta ƙasa-ƙasa take.

"Mama, me kika yi?"

"Abin da ya kamata."

"Ya zo?"

"Ya zo, ya yaba gidan. Tambayi Malama."

"Ya yaba." Leanne ta yi wata dariya da ba ta dariya ba. "Mama, duk hutun cin abincina a kan wayar nan nake ƙarar da shi, ina tsaye a bayan kicin ina jin kiɗan da suke sa wa mai jira a layi. Na roƙe ki. Na ce abu ɗaya, kada ki taɓa. Baƙin nan shi ne kaɗai abin da muke da shi!"

"Ki ji min yarinya. Datti ne abin da muke da shi? Ni ban haife ki a cikin datti ba."

"Misis Pickersgill ta mutu, Mama! Ofishin ma an rufe, an sa masa ƙarfe. Babu wanda zai shafa miki yatsa a ƙofa. Babu wanda ya damu."

Glenda ta dube ni, tana jiran in ce 'yarta ta yi kuskure. Na sunkuyar da kai. Leanne ta sulale ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango, ta rufe fuska da hannuwa.

Tegan ta matso kusa da ita, bargon yana jan ƙasa.

"Mama, bai yi kyau ba? Ni na zaɓa. Wilf yana da kore ma, na ce ruwan ƙwai ya fi."

"Ya yi kyau, 'yar lele," in ji Leanne, ba ta ɗago ba. "Ya yi kyau sosai."

* * *

Sati na zagayowa saƙo ya shigo wayar Leanne. Ba a ga alamar matsala ba, an rufe maganar. A ƙasa an ƙara shawara: a riƙa buɗe taga, a daina shanya a cikin ɗaki.

Mun yi abin da za mu iya. Na zauna da Leanne a ofishin makaranta muka kira lambar, wata yarinya mai daɗin murya ta ce ta fahimta ƙwarai, amma maganar da aka rufe ba a buɗe ta, sai dai a shigar da sabuwa, sabuwa kuma daga ƙarshen layi take farawa. Muka shigar da sabuwar. Muka je wajen kansilan unguwa ranar da yake ganin jama'a a ɗakin karatu. Mutumin kirki ne, ya saurare mu har ƙarshe. Ya ce yanzu aikin yana hannun kamfani, shi ma lambar nan yake kira.

Kafin sanyi ya wuce an kwantar da Tegan a asibiti. Da aka sallamo ta aka mayar da shimfiɗarta ɗakin kakarta, amma iskar gidan ɗaya ce.

Glenda ta canja. Ta daina gurzar dokin ƙofa. Wilf yakan jefa mata magana da safe, ya ce ko gwamna ya fasa zuwa ne, ba ta tankawa, har shi ma ya bari. Da ɗigo-ɗigon fumfuna masu ruwan toka suka fara ɓullowa ta cikin fentin, Leanne ta kafa doka cewa babu mai sa hannu sai mai hoto ya sake zuwa. Glenda ta bi dokar, amma zama kusa da abin ya gagare ta. Sau da yawa idan na taso daga makaranta nakan gan ta a rumfar jiran bas, jaka a cinya, bas ta zo ta wuce ba ta shiga ba.

* * *

Da bazara ta kusa, na kawo wa yara wake mu shuka a kofunan roba. Muka jera su a bakin taga, kowa da sunansa a jiki. Na tambaye su abin da shuka take buƙata, suka yi ta ɗaga hannu: ruwa, haske, ɗumi. Da aka kaɗa ƙararrawa suka watse, Tegan ta tsaya tana juya kofinta.

"Malama, ita fumfuna fa? Me take so ta yi saurin girma?"

"Ita ba haske take so ba," na ce, ina tattara littattafai. "Danshi take so, da wurin da iska ba ta shiga. Me ya sa kika tambaya?"

Ta gyaɗa kai kamar wadda ta ci jarrabawa.

"Ashe daidai nake yi. Ina rufe tagar in Mama ta fita. Kuma ina ɗan yayyafa wa bangon ruwa da kofin buroshina kafin in taho." Ta rage murya. "Kada ki gaya wa Kaka. In ya yi baƙi sosai kafin mutumin ya dawo, Mama za ta daina fushi da ita."

Na ajiye littattafan. Na durƙusa har fuskata ta zo daidai da tata. Ina jin siririn fiton nan a ƙirjinta.

"Tegan, abin nan shi ne yake toshe miki numfashi. Kin sani ai."

"Na sani, Malama," ta ce. "Amma mutumin ba ya ɗaukar hoton ƙirji."

Na ce ta daina, na ce zan yi magana da mamanta, kuma na yi. Ta ce to, ta mayar da kofinta cikin layi, ta gyara shi ya fuskanci rana, ta ɗauki jakarta. Ban iya ce mata ta yi kuskure ba. Yarinyar ta gane cewa ba za a ba su gida ba sai abin da yake cutar da ita ya yi yawan da baƙo zai gani.