Yatsun Malam Jibrin

Jar fitila ta sake kawowa a goshin na'urar ɗaukar zanen yatsa.

"Baba, goge yatsan da rigarka ka sake ɗorawa," in ji Mubaraka, ma'aikaciyar da ke tantance 'yan fansho a wani zaure a Kaura Namoda.

Malam Jibrin ya goge, ya danna da ƙarfi har farcensa ya yi fari. Ja dai. Aka gwada na hagu, aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin da ke layi a bayansa suka fara gyaran murya.

Mubaraka ta roƙe shi ya buɗe tafin hannunsa. Kan yatsun sumul suke kamar bayan cokali, sai tsaga nan da can.

"Baba, ba malamin firamare kake ba? Wane aiki kake yi yanzu?"

Ya rage murya. "Bulo nike bugawa a Kasuwar Daji, ɗiyata. Tun da kuɗin suka tsaya."

"Siminti ne ya cinye zanen. Gobe za mu wuce Shinkafi, daga nan Zurmi, sannan mu dawo don waɗanda suka rage. Wanda na'ura ba ta karɓa ba a ranar, cire sunansa za a yi. Don Allah kada ka ƙara taɓa siminti kafin nan."

"To ga ni gabanki da raina. Bai isa ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni na gan ka, Baba. Ita ce ba ta gani ba."

*

A gida can Banga, matarsa Yalwa ta saurare shi har ya gama, tana tankaɗe. Gidan su biyu ne da jikoki marayu da ɗansu ya bari. Lokacin da yake aiki bai taɓa tunanin ajiye komai ba. Albashin bai kai ƙarshen wata, kuma kowa cewa yake fansho na nan. Ko kuɗin sallama har yau ba su fito ba.

"In na zauna, mi za mu ci?" ya ce.

"Wannan ba naka ba ne yanzu, Malam. Kai dai ba ni hannun."

Ta shafe yatsun da man kaɗe, ta zura masa tsohuwar safar makaranta ta jikansu a kowane hannu. Yaran suka fashe da dariya, shi ma ya yi, amma tasa ba ta daɗe ba.

Washegari ta shiga maƙwabta neman surfe. Matan da a da suke aiko mata da gaisuwa a matsayin matar malam, su ne suka riƙa auno mata gero da dawa ta surfa, a biya ta da dusa da ɗan tsaki. Tun hantsi har la'asar taɓarya ke tashi tana sauka. Shi kuwa yana zaune a inuwar darbejiya, hannaye a kan gwiwa kamar mai jinya. Kowane bugu a ƙirjinsa yake ji.

Wata safiya ya ga tana ɗaure tafinta da tsumma. Ya cire safar ya nufi ƙofa. Mu'awiya mai gidan bulo ya aiko cewa in bai zo ba za a ba wani gurbinsa.

Yalwa ta riga shi bakin zaure.

"Ina za ka?"

"Ba zan iya kallon wanga abu ba."

"To rufe ido. Alli ya ci hannun nan shekara da shekaru, ba ka samu komai ba. Yanzu ka kai wa siminti sauran? Wallahi in ka fita, wahalata ta tashi a banza."

Bai taɓa jin ta ɗaga masa murya ba. Ya koma ya miƙa mata hannayen.

*

Ranar da masu tantancewa suka dawo, zauren bai cika kamar da ba. Mubaraka ta gane shi tun daga layi.

Babban yatsan dama, ja. Na hagu, ja. Ta kama ɗan yatsansa na kusa da ƙarami, ta ɗora da kanta a hankali, ba tare da dannawa ba.

Na'urar ta yi shiru kamar mai tunani. Sai kore.

Hotonsa ya fito a allon, da baƙin gemu da hular da ya daɗe da mantawa da ita.

"Ga ka nan, Baba!"

Ya dafa teburin. Alhamdulillahi kawai yake maimaitawa. Wani tsoho da bai sani ba ya rungume shi ta baya, sannan ya juya yana duban nasa yatsun.

*

Daga sallamarsa Yalwa ta gane. Ta saki taɓarya, ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba.

"Yaushe za su biya?"

"Sun ce mu saurari waya."

Ta gyaɗa kai. Can ta share fuska ta miƙe, don geron maƙwabciya na cikin turmi, rabi ba a surfa ba.

Malam Jibrin ya riƙe taɓaryar.

"Kawo. Sun gama da hannun."

"Haba Malam! A shigo a gan ka?"

Ya je ya saki asabarin ƙofa, ya naɗe hannun riga. Bugun farko ya kauce, gero ya fantsama ƙasa, kaji suka ruga. Yalwa ta durƙusa tana tsince shi da yatsun da ba sa iya lanƙwasuwa sosai.