Baƙin Zare a Kunnen Goodness

Duk Dabai ba wadda ta kai Dinah iya ɗaurin ɗankwali. Ranar Lahadi da safe matan zumuntar coci har gida suke biyo ta ta ɗaura musu. Sai dai nata kullum a karkace yake, ya sauko ya rufe kunnen hagu ruf, har 'yan mata suka fara kwaikwayo suna cewa sabon yayi ne. Baiwar Allah, ina ruwanta da yayi! Ƙari take ɓoyewa, wani tsiro mai tauri da sheƙi da ya rataya a kunnenta, yana ƙaiƙayi in rana ta yi zafi.

Mahaifinta dattijon coci ne a Ribah, kuma a wurinsa 'yan kunne kayan duniya ne, don haka ta girma kunne ba huji. Sai da aurenta da Haggai ya matso ta ga 'yan kunne a cikin akwatin kayan aure, ranta ya biya, ta je kasuwar Zuru aka huda mata. Na dama ya warke sumul. Na hagu ya fito da ɗan ƙurji kamar ƙwayar gyaɗa. Wata ta ce ta ɗaure shi da zare zai bushe ya faɗi, ta ɗaure, ya yi ruwa, bai faɗi ba. Daga nan ta lallaɓa wurin wanzami ya yanke shi tas, har ta yi waƙar godiya a hanya. Kafin damina ta zagayo abin ya dawo, ya kai goro, kamar wanda aka tsokana.

Haggai ya sani, amma shi soja ne, yana can gabas wurin aiki. Dinah na zaune a gidan uwarsa, Mama Hannah, ko wanka za ta shiga da ɗankwalinta a ka. A nan ta haifi 'yarta Goodness. Gidan kuwa suna da al'adarsu: ba a kai jaririya coci a sa mata albarka sai kakarta ta huda mata kunne da allura, ta bar baƙin zare a ciki. Mama Hannah ta riga ta sanar da kowa cewa Lahadi mai zuwa ce, har ta ajiye sabuwar allura a cikin gwangwanin man kaɗe. Duk lokacin da Dinah ta ga gwangwanin nan sai ta kau da kai. Tsoro take ji, tsoro sosai, kada abin da ke kunnenta ya bi 'yarta.

Ranar rigakafi ta hau mashin da goyonta zuwa asibiti a Zuru. Da aka gama da jaririya sai ta nemi ganin likita, ta rufe ƙofa, ta kwance ɗankwali.

Likitan, wani dogon mutum mai suna Yari, ya matsa abin da yatsa. "Wa ya yanke maki wanga?"

"Wanzami."

"Shi ya sa. Kiloyid ake ce da shi. Jikinki ne ba ya sanin inda zai tsaya in yana warkar da ciwo. Duk inda aka yanka, sai ya cika wurin har ya wuce."

"To a cire mani shi, likita."

"In na cire kawai, na zama wanzami mai farar riga. Zai dawo. Sai dai mu fara da allura a cikinsa wata-wata, tana da zahi ƙwarai, amma tana sa ya yi laushi ya rage. In ya so a yanke, a ci gaba da allurar, ki riƙa sa wani ɗan kunne mai matse wurin dare da rana. Akwai masu ƙona shi da sanyi, akwai masu haska wurin da na'ura bayan aiki, wannan sai babban asibiti. Ko da duk wanga, ba zan rantse maki ba zai dawo ba."

Dinah ta mayar da ɗankwalinta. Sannan ta juyo da goyon ta nuna masa, ta faɗa masa zancen allurar Mama Hannah. A ranta so take ya daka tsawa ya ce kada a kuskura, ta koma gida ta ce likita ne ya hana, a huta.

Bai daka ba. Ya ce, "Yana bin jini, gaskiya ce. In ba a taɓa huda mata ba har abada, ta tsira. Amma an lura wanda aka huda da ƙuruciya bai cika samun shi ba kamar wanda aka huda bayan ya girma. Ke da kanki kin san lokacin da aka yi maki. Za ki iya tsare ta har ta tsuhwa?"

Duk hanyar Dabai tambayar nan ce ke bin ta. Mahaifinta da duk tsananinsa bai iya tsare ta ba. In ta hana yanzu, wata rana Goodness za ta zama budurwa, ta ga 'yan kunne a akwati, ta nufi kasuwa. In ta bari, da hannunta za ta riƙe ta a soka mata. Ta duba ta nan, ta duba ta can, ba ƙofa.

Ranar Asabar da la'asar Mama Hannah ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ta tafasa allura, ta zura zare. "Uwar Goodness, kawo mani kishiyata," in ji ta, tana yi wa jikar wasa.

Dinah ta fito da yarinyar, ta durƙusa, amma ba ta miƙa ba. Ta kai hannu ta warware ɗankwalin, iska ta taɓa kunnen da ya daɗe bai ga rana ba.

"Mama, dubi."

Tsohuwar ko girgiza ba ta yi ba. "Ɗiyata, tun ranar biki na gan shi, lokacin da nike gyara maki mayahi. Mi zan ce? Na ga kina wahala da ɓoyo, na bar ki da abinki." Ta ajiye allurar a kan murfin gwangwani. "Ba ni tilasta maki. Ɗiyarki ce. In kin ce a bari, ni zan tashi gobe a coci in ce hannuna ne ke rawa."

Wannan ya fi komai yi wa Dinah ciwo. Da faɗa aka yi mata, da ta sami wanda za ta ɗora wa laifi. Yanzu ba likita, ba suruka, ba Haggai, sai ita kaɗai da kunnen 'yarta, ɗan mitsitsi mai laushi, ba tabo ko ɗaya. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta gyara zama, ta kwantar da kan yarinyar a cinyarta, ta riƙe shi gam.

"Yi, Mama. Yi maza."

Goodness ta tsala ihu sau biyu, ta kama nono, ta manta. Washegari aka kai ta coci da baƙin zare a kunnuwa, mata suna ta yaba hannun kakarta.

Hujin ya warke lafiya. Sai dai likita ya ce abin kan yi watanni kafin ya nuna kansa, wani lokacin shekaru, kuma ba ranar da za a ce an wuce. Dinah na zuwa Zuru ana soka mata tata allurar, tana cije baki. Kullum da safe kuwa, kafin ta hura wuta, kafin ma ta yi addu'a, sai ta kama kunnen Goodness tsakanin yatsu biyu ta murza a hankali, na dama, sannan na hagu. Yarinyar ta ɗauka wasa ne. Da ta fara wayo, da ta ga uwarta ta farka sai ta rarrafo tana dariya, ta miƙo mata kunnen da kanta.