Baƙin Abu Nayef

"Riƙe ni ta baya, kada su gani," in ji Abu Nayef, da motocin baƙi suka kunno kai ƙauyen.

Awwad, maƙwabcinsa, ya zura hannu ƙarƙashin alkyabbar tsohon ya tallafe shi. Jikin ba nauyi, sai ka ce buhun ƙaiƙayi. Jiya-jiya aka dawo da shi daga wankin ƙoda a birni, tafiyar da ke cinye yini, ya kwana yana amai.

Wata ƙasar Turai ce ta ƙara kuɗin tallafin da take ba ƙasashen waje, ta aiko mutanenta kudancin Jordan su duba inda za a ajiye injin wankin ƙoda, ko nan ko ƙauyen bayan dutse.

"Abu Nayef, ka kwanta mana su gan ka yadda kake. Don irinka suka zo."

"In tarbi baƙo a kwance? Ɗan wa ka ɗauke ni? Kai dai tun kana yaro rago ne."

"Ragon ne ke riƙe da kai yanzu."

"To riƙe da kyau, ka yi mini shiru."

Tumakin da suka rage masa ya sa aka yanka. An aro dardumai gida-gida, an shimfiɗa har bakin ƙofa. Aka kawo mansaf, nama tsibi bisa shinkafa, shi kuwa yana tsaye a kan baƙinsa, don mai gida ba ya zama sai baƙo ya ƙoshi. Wata Baturiya ta tambaya ta bakin tafinta ko akwai marasa lafiya da yawa a garin.

"Alhamdu lillahi, muna cikin alheri. Ku ci, ku ci."

Awwad ya buɗe baki, tsohon ya take masa ƙafa. Ba a roƙon baƙo yana tsakiyar cin abinci.

Da kaka labari ya iso. Injin bayan dutse za a kai shi, inda aka fito wa baƙin da majinyata ƙofar gida a kan katifu. An ce mutanen ƙauyen Abu Nayef sun fi na can hali. Kafin a gama ginin asibitin ma sai baɗi.

Abu Nayef ya ci gaba da zuwa birni har ƙafafunsa suka kumbura, sannan wata safiya ya ce hanya ta ishe shi. Matarsa Umm Nayef ta yi kuka, ta yi faɗa, ta haƙura. Awwad ya riƙa zama a gefen shimfiɗarsa yana jiƙa masa leɓe.

"Awwad, naman ya dahu kuwa ran nan?"

"Ya dahu."

"Baturiyar ta ƙara?"

"Ta ƙara."

"To ba mu ji kunya ba." Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. "Amma kai ma, da ka ƙi jin maganata, ka faɗa musu gaskiya."

Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Ana cikin zaman makoki wata babbar mota ta tsaya a bakin rumfa, da wani ƙaton akwati ɗaure a bayanta. Direban ya leƙo, ya yi gaisuwa, ya tambayi hanyar sabon asibitin bayan dutse, inda zai kai injin.

Awwad ya tashi ya ɗauko butar gahawa.

"Sauko ka sha tukuna, ɗan'uwa. Ba a wuce ƙofar gidan nan haka."

Ya tsaya yana jira har mutumin ya miƙo ƙoƙon, sannan ya ɗaga hannu ya nuna masa hanya.