Motar Alhaji Mala Ta Ƙi Mutuwa

Tanimu direba bai taɓa yi wa mota fatan mutuwa ba sai wannan. Lokacin da Alhaji Mala yake ciwon ajali a gidansa na unguwar Birni a Damagaram, ya kama hannun Tanimu ya ce kada ya bar matarsa Hajiya Nana muddin motar nan tana tashi. Tanimu ya ce to, don ba a musu da mai ciwo, kuma tun a lokacin motar ta tsufa tukuf. Ya ɗauka abin na damina ɗaya ne ko biyu. Ga shi yau furfura ta cinye masa gemu, iyalinsa na can Zermu, gonar ubansa tana hannun maƙwabta, shi kuwa aikinsa kai Hajiya gidan suna da gaisuwar mutuwa.

To, sai motar ta fara ciwo. In ya tsaya a mararraba, inji ya dinga karkarwa kamar mai zazzaɓi. Man giya kuma ya riƙa ɓacewa, a zuba yau, kafin mako ya zagayo sandar awo ta fito a bushe. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ya kwana, ko ɗigo babu. Ya canza buji, wato fulogi, a banza. Maganar gaskiya daɗi ya ji a ransa, har kunyar kansa ta kama shi.

Ya kai ta garajin Suma'ila don a yanke mata hukunci. Suma'ila ya saurari injin, ya tambaya ko tana farin hayaƙi, Tanimu ya ce tana yi. Sai ya miƙa hannu ya zare wani siririn tiyo da ya taho daga akwatin giya zuwa inji. Tiyon iska ne, amma jan mai ya zubo daga cikinsa. Ya ce wata 'yar roba ce ta yage a gefen akwatin giyar, inji yana zuƙe man yana ƙonawa, shi ya sa yake karkarwa, shi ya sa kuma ƙasa ba ta ganin komai.

"Baba Tanimu, bwat ɗin giya lafiya lau, moter ma haka, babu abin da ya sami injin. Robar ce kawai."

Tanimu ya tambaya in an gyara za ta ƙara jimawa.

"Wannan? Sai dai ta kai mu maƙabarta ta dawo."

Suma'ila ya san labarin alkawarin, duk unguwa ta sani. Ya rage murya ya ce robar babu ita a Damagaram, sai ya yi wa wani Bakano mai kayan tsofaffin motoci waya. In bai yi ba, mota ta mutu ke nan, babu mai cewa uffan.

Tanimu ya zauna a kan tsohuwar taya ya daɗe. Hajiya ba ta da ɗa, ba ta san tiyo ba balle roba, duk abin da ya faɗa mata za ta yarda. Abin da ya ɗaure shi ke nan. Da za ta iya gane ƙaryar, wataƙila da ya yi ta.

"Kira shi," in ji Tanimu.

Daga nan ya buga wa matarsa Hajara waya, yana ta kame-kame, ya ce bana ma a bar wa maƙwabta gonar. Ta ce ai tun watan jiya ta ce su share abinsu, ta san ba zai zo ba.