Suna na Tara

Appa, wato babanmu, bai taɓa fara zaman yoga ba sai ya kira sunayen malaman gidanmu. Su goma sha ɗaya ne, daga wanda aka ce ya zauna a kogo bakin kogin Tungabhadra har zuwa kakana. Ba a rubuta su. Daga baki zuwa kunne ake miƙa su, kunnen ma na ɗa namiji.

Yayana Mallesh aka ba. Shi kuwa ya tare a birnin Bengaluru, ya ajiye tumbi, ko takalmi zai ɗaura sai ya yi nishi. Ni Girija rabona dutsen niƙa. Tun ina yarinya, da kuma bayan mijina ya mutu na dawo gida, kowace safiya ina markaɗa shinkafa, bango ɗaya tsakanina da barandar Appa.

A da barandar cika take. Manoma da masaƙa su harɗe ƙafa a kan tabarmin ciyawa, mutum ashirin suna jan numfashi tare, har ka ji faɗuwar ganye. Ina kewar wannan shirun ƙwarai. Yanzu sai Appa shi kaɗai, da shekara tamanin da huɗu da mantuwa.

Wata safiya ya kira suna na takwas, ya tsaya. Ya koma farko, ya sake tsayawa a nan. Kwana uku haka. Na buga wa Mallesh waya.

"Haba Girija, wa ke riƙe da wannan yanzu? Ki ba shi magani ya huta."

A rana ta huɗu na ji Appa ya sake tsayawa a na takwas. Idan na tara ya ɓace, igiyar ta tsinke ke nan. Ban san lokacin da na ɗaga murya daga madafa ba.

"Rudrayya mai sanda!"

Can ya ce, "Zo nan. Wa ya ba ki?"

"Bango, Appa. Siriri ne, kai kuma ba ka iya raɗa ba."

"Ɓarauniya! Shekara nawa kina sata?"

"Arba'in da ɗoriya."

Na zata zai kore ni. Sai ya matsa gefen tabarmar. "Wanke hannun nan, ki zauna. Miƙe bayanki, kin lanƙwashe kamar lauje."

Na zauna inda mace ba ta taɓa zama ba, na jero su duka har kakana, na tsaya.

"Saura ɗaya," in ji shi.

"Sun ƙare, Appa. Ai ba a sa mai rai."

"Na sani. Amma ranar da za a sa ni ba na nan. Ina so in ji yadda zai fito."

Ban taɓa kiran sunan mahaifina ba. Na ja numfashi yadda na ji yana koya wa mutane, na ce, "Siddappa."

Ya rufe ido. "Sake faɗa."