Koli daga Tchibarakaten

"Kin iya odinater?" Alhaji Mourtala ya tambaye ni, idonsa na kan takardun lakkwal ɗina, na gama makaranta.

Na ce na iya kwamfutar. Butikinsa na bakin tasha, ana fotokopi da buga takardu, ana kuma karɓar koli, wato ƙunshin saƙo, ana aikawa Yamai da Arlit da Damagaram. Mu huɗu muka zo neman aikin, ni ce ta ƙarshe.

"Kowa haka yake cewa, Zuwaira."

Bai rufe baki ba wani shofer ya yi sallama, rawaninsa duk ƙasa, ya dire wata baƙar jaka ɗaure da igiya.

"To, ga gwaji ya zo da kansa," in ji Alhaji. "Zauna ki buga mashi takardar karɓa, in gani."

Na zauna, na gyara mayafi. "Daga ina?"

"Tchibarakaten."

"Sunan mai aikowa?"

Shofer ya ce, "Abokan aikinsa ne suka haɗa. Mai kayan ya rasu shekaranjiya. Ramin zinariya ya rufta da su uku, biyu aka fiddo da rai. Can muka yi mashi sutura."

Alhaji ya ce Allah ya jiƙan shi, ni ma na ce amin, yatsuna na kan aiki. "Wa za a ba?"

Ya zaro ƴar takarda daga aljihu ya karanta. "Habsa, matar Nomau tela, unguwar Obitara."

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da su. Tun ina ƙarama ƙarar keken Nomau ke tada ni da safe, shi ya ɗinka mani duk kayan lakkwal. Da idanunsa suka fara rauni, in na wuce ƙofar zaurensa sai ya miƙo allura ya ce, "Ɗiyata, zura mani." Da aka daina kawo ɗinki, wata huɗu ke nan, ya rufe keken da zane ya bi mota zuwa haƙar zinariya. Yau da safe ma Inna Habsa ta leƙo ta katanga ta yi mani fatan sa'a, ta ce Nomau ya aiko yana tafe cikin satin nan.

"An gaya mata?" na tambayi shofer.

"Lambar da suka ba ni ba ta shiga. Shi ya sa na kawo nan."

Na san dalili. Wayarta ta faɗa randa tun ranar Laraba.

Na buga harafin farko na sunanta, na kasa samun na biyu. Alhaji ya cire tabarau ya dube ni.

"Kin san su?"

"Maƙwabcinmu ne."

Sai ya kashe injin fotokopi, ya ɗauki makullai. "Tashi. Ba daga bakinki za ta ji ba. Babanki na gida?"

A mota, jakar na kan cinyata, ya ce in zo Litinin ƙarfe takwas in fara aiki.

Baba ya ji, ya zauna a dakali, ya sake tashi, ya je ya kira liman. Su uku suka yi gaba, ni ina baya da jakar.

Baba ya yi sallama sau biyu. Inna Habsa ta ɗaga labule da gwiwar hannu ta fito tana dariya, tana cewa a gafarce ta, ba ta iya taɓa komai. Lalle ta ƙunsa, hannuwanta biyu naɗe da leda har wuyan hannu. Ta dubi Baba, ta dubi liman, ta dubi baƙon da ba ta sani ba. Sannan ta ga jakar.

Ta tsaya a bakin ƙofa, hannuwanta a sama, ruwan lallen na ɗiga ƙasa a hankali.