An Dawo da Babur Ba Mai Shi

Saude tana tsakar gida tana shanya barkono bayan azahar, sai ta ji mota ta tsaya a ƙofar gidansu. Ba kasafai mota ke shigowa lungunsu a Ba'awa ba, don haka ta yafa mayafi ta leƙa ta zaure.

Akori-kura ce shaƙe da buhunan albasa. A kan buhunan an kwantar da babur, an ɗaɗɗaure shi da igiya gaba da baya. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane shi. Jan babur ɗin mijinta Balarabe ne, wanda yake hawa kullum da sassafe ya je Tiga ya saro kifi wurin masunta. Tayar gaba ta fashe, ga jini ya bushe a kan kujera har gefen tanki.

Direban ya sauko yana goge zufa. "Sannu da gida. Nan ne gidan Malam Balarabe mai kifi?"

Surukar Saude, Inna Dije, ce ta fito daga bayanta ta amsa, ta ce, "Nan ne, ɗan nan. Ina mai babur ɗin?"

"Ni dai, Inna, a hanyar Tiga na tarar da mutane sun taru a kansa. Suka ce wata mota ta tafi da mutum biyu asibiti a Bebeji, ɗaya ko tsayuwa ba ya iyawa. Da suka ji nan na nufo, waɗanda suka san mai shi suka kwatanta min gidan, suka roƙe ni in kawo shi."

"Wanne ne ba ya iya tsayuwa?"

"Wallahi ban gan su ba."

Saude ta koma ɗaki da sauri ta ɗauko waya ta kira mijinta. Sai ƙarar ta tashi daga saman mota, cikin jakar da ke rataye a kan babur ɗin. Ta katse kiran, ta jingina da bango.

Maƙwabta suka taru suka kwance igiyoyin, suka sauke babur ɗin a hankali suka tura shi zaure. Ba wanda ya haɗa ido da ita. Direban, mai suna Mujitaba, ya dubi matan biyu ya ce albasa ta iya jira, su shiga ya kai su. Saude ta bar 'yarta Husna wurin maƙwabciya.

Duk tsawon hanya Inna Dije jan carbi take yi. Saude kuwa dawar da ke gefen titi take kallo, ba ta ganin komai. Kowane mai babur da suka wuce sai ta bi fuskarsa da kallo, alhali ta san ba shi ba ne.

Suna shiga harabar asibitin ta hango shi. Yana zaune a benci ƙarƙashin darbejiya, riga duk jini, auduga manne a gwiwar hannunsa, yana shan fura a ƙwarya hankali kwance. Ta zauna a ƙasa nan inda take.

Balarabe ya taso da sauri. "Inna, me ya kawo ku? Saude, lafiya?"

"Mu kake tambaya?" in ji Inna Dije. Ta kama fuskarsa, ta shafa kafaɗunsa da ƙirjinsa tana neman rauni. "Jinin wane ne wannan?"

Ya zaunar da su ya ba su labari. A hanyarsa ta dawowa ya tarar da wani makiyayi, Buba, kwance a bakin titi, bijiminsa ya soke shi a cinya. Ya ɗaure masa wurin da rawani, ya goya shi a babur, amma ba su yi nisa ba taya ta faɗa rami ta fashe. Allah ya kawo wata mota ta kwashe su. A asibiti aka ce Buba na buƙatar jini, aka gwada nasa ya yi daidai, ya bayar.

"Ban ma tuna da waya ba sai yanzu," in ji shi.

"Ai da ka aiko, Baban Husna," in ji Saude. Sai a lokacin hawaye suka zo mata, ta sa bakin mayafi tana sharewa, tana kuma dariya.

Wata dattijuwa da ke zaune a gefe ta matso, mahaifiyar Buba ce, ita ta kawo furar. Ta riƙe hannun Inna Dije tana sa wa ɗanta albarka, rabi da Hausa rabi da Fulatanci. Ta ce an gama ɗinki, likita ya ce ƙafar za ta tashi.

Mujitaba ya yi musu sallama ya kama hanyarsa, Inna Dije tana binsa da addu'a har ya fita ƙofa. Su kuma suka zauna a inuwa suna jiran Buba ya farka su gaishe shi, kafin su nemi motar gida.